Injiniya daga Dundaye, ko dole sai Zariya?

Wata Asabar da hantsi ƙanwata ta turo mini ɗanta, riƙe da 'yar takardar da ya yago daga littafin makaranta. Sunayen makarantu huɗu ya rubuta, ya soke biyu, ya dawo ya sake rubuta ɗaya daga cikin waɗanda ya soke. Ya gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Kawu, Inna ta ce in taho ka gaya min wadda za ni cikawa. Jibi za mu wurin rijista." Injiniya yake son zama, kuma duk gidan an sani, tun ranar da ya kwance fankar ɗakin uwarsa ya mayar da ita, ta tashi tana juyawa da baya. Mahaifinsa Zariya yake so, domin duk injiniyan da ya taɓa girmamawa daga can ya fito. Uwarsa kuwa ba ta son jin sunan garin da sai an bi ta Gusau kafin a kai shi. Shi yaron yana tsakiya, kowa ya yi magana sai ya gyaɗa kai.

Ban ga laifin mahaifin ba. A zamaninsa Basakkwacen da ke son digirin injiniya dole ya ɗaure akwati. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, kuma ta gaji koyar da aikin injiniya daga kwalejin da ta riga ta a Zariya. Jami'armu ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta yi suna ne a Larabci da addini da Hausa da shari'a, daga baya likitanci da aikin gona da likitancin dabbobi. Tsangayar injiniya ba ta zo ba sai bayan 2010. Makarantun fasahar da tsohuwar Jihar Sakkwato ke tinƙaho da su kuwa, ba a cikin birni suke ba. Da aka yanke Kebbi a 1991, kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ta tafi. Da aka yanke Zamfara a 1996, ta Ƙauran Namoda da ta Talatar Mafara, mai sunan Injiniya Abdu Gusau, suka bi. Sakkwato ta wayi gari kamar babban wa a ranar rabon gado: shi ya tashi da zaure da littattafai, ƙanne suka tafi da maƙera. Wannan tarihi ne ya zauna a kan iyaye, har yau idan aka ce injiniya sai idonsu ya kalli gabas.

To amma yanzu akwai abin zaɓa a gida. Akwai tsangayar injiniya a mazaunin jami'a na dindindin, can wajen Dundaye, inda ake karanta fannin gine-gine da hanyoyi, da na lantarki, da na injuna. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Farfaru, wadda aka sa wa sunan Marafan Sakkwato Umaru Ali Shinkafi bayan rasuwarsa a 2016, kowa dai Poli yake ce mata. Ra'ayina, kuma na faɗa wa surukina, mahaifin yaron, ido da ido, shi ne yawancin yaranmu su zauna gida su yi karatun. Sai dai ba zaman makanta ba, da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi ra'ayin nauyi.

Dalilan da kowa ya sani ba sai na daɗe a kansu ba. Digirin injiniya shekara biyar ne, ba huɗu ba, kuma kuɗin rijista shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin. Kuɗin mota zuwa da dawowa, hayar ɗaki, abinci, magani idan zazzaɓi ya kama yaro a inda ba shi da kowa, waɗannan su ne ke karya uba. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa kuma ba sai na yi bayani ba, duk uwar da ɗanta ya hau ta ba ta barin waya daga hannu sai ya ce ya sauka. Ga tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, wanda ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Makin da zai ba Basakkwace gurbi a Dundaye yana iya barin sa a bakin ƙofa a wani wuri. Wanda kuma yake zaton fita za ta tsirar da ɗansa daga yajin aiki, ya tuna 2022: wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗan Zariya da ɗan Kano da ɗan Dundaye duk a gindin bishiya ɗaya suka zauna.

Akwai kuma 'yan mata. Na san gidaje da yawa da za su bar 'yarsu ta karanci lantarki idan za ta kwana a ɗakin uwarta, amma ko sama da ƙasa za su haɗu ba za su tura ta wata jiha ba. Mutum na iya ƙin wannan ɗabi'a, amma ita ce a ƙasa. Ga irin waɗannan yara, tsangayar da ke gida ita ce kaɗai ƙofar.

Babban dalilina dai wani ne daban. Aikin injiniya ba a allo yake ƙarewa ba, kuma aikin da ke jiran injiniya a Sakkwato ba a ɓoye yake ba. Wanda ya ga damina ta 2010 ba zai manta ba. A watan Satumba ruwan Rima ya cika ya batse, ya share gonaki da ƙauyuka, ya yanke hanyar da ta haɗa gari da jami'a a wajen Kwalkwalawa. Na je wurin kwana biyu bayan abin ya faru. Kwalta ta zo ta tsaya cak, kamar an sa wuƙa an yanke ta, ruwa ja yana wucewa ta inda motoci ke bi a da. Masu kwalekwale suka samu kasuwa. Na ga malamin jami'a da babbar riga ya naɗe ta a kafaɗa, takalmi a hannu ɗaya, jakar takardu a ka, yana lallaɓa ƙafa zai shiga jirgi, wani yaro ɗan shekara sha biyar yana ce masa, "Malam, zauna tsakiya, kada ka motsa." Sai da sojoji suka zo suka girka gadar wucin gadi kafin mutane su samu sa'ida. Duk tambayoyin da ɗalibin fannin gine-gine zai shekara biyar yana koyo suna wurin a ranar: nawa ne ruwan da kogi zai iya kawowa a shekara mafi muni, wace irin ƙasa ce a fadama, yaya faɗin kwalbati ya kamata ya zama, yaushe ake buɗe ƙofofin dam kuma wa ake gaya wa kafin a buɗe. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, tana can sama a kan kogin nan, ga gonakin rani na albasa da shinkafa da alkama da ke sha daga gare ta. Ɗalibin da ke bin wannan hanya kullum safe da yamma yana ratsa darasinsa ne, in dai malaminsa ya san ya nuna masa.

Haka siminti. Kamfanin siminti na Arewa da ke Kalambaina an kafa shi tun 1962, ya fara aiki a 1967, saboda dutsen da ake yin siminti da shi yana kwance a ƙarƙashin ƙasar wurin. Yau yana hannun BUA, an ƙara sabon layi a 2018, an ƙara wani mai tan miliyan uku a shekara a 2022. Masana'anta irin wannan duniya ce guda: akwai tanda mai juyawa da zafinta ya haura digiri dubu, akwai injinan niƙa, akwai tashar wutarta, akwai na'urorin da ke lura da komai daga ɗaki guda. Kowane ɗalibin injiniya a Najeriya sai ya yi wata shida na koyon aiki a shekararsa ta huɗu, abin da ɗalibai ke kira SIWES. Yaran wasu garuruwa suna yawo da takarda ofis ofis suna neman inda za a karɓe su, wasu su ƙare a ma'aikatar da ba abin da ake yi sai karanta jarida. Namu kuwa masana'antar tana bayan gari, kuɗin kabukabu ne tsakaninsu da ita. Ban ce kowa zai samu shiga ba, amma wanda kawunsa ko maƙwabcinsa ke aiki a can ya fi baƙo sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Rana kuma, wadda muke kuka da ita a watan Afrilu idan zafi ya wuce digiri 40, ita ce dukiyar da ba mu gama ganewa ba. Cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato tana cikin jami'ar nan tun shekarun 1980, tun kafin sola ta zama abin sayarwa a kowane shago. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabance ta kafin ya je ya riƙe jami'ar Bauchi, daga baya hukumar makamashi ta ƙasa. Masu binciken cibiyar sun gwada murhun rana da na'urar busar da amfanin gona, sun sa wa ƙauyen Kwalkwalawa wutar sola, sun kafa injin iska a Sayya Gidan Gada. Yau dubi rufin gidajen Mabera da Arkilla da Gawon Nama, dubi rijiyoyin burtsatse na ƙauye, dubi manoman rani da suka gaji da tsadar fetur suna komawa famfon sola. Wa ke haɗa musu? Sau da yawa yaro ne da ya koya da ka, ya haɗa batir da inbata yadda ya ga maigidansa na yi, bayan wata shida batir ya mutu ba wanda ya san dalili. Wurin injiniya ne wannan, kuma a buɗe yake. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar daga Illela a 2024, mai tsawon sama da kilomita dubu, wadda in Allah ya sa aka ci gaba da ita za ta ci safiyo da injiniya da mai gwajin ƙasa shekara da shekaru.

Sharaɗin fa? Kada a cika sunan makaranta don tana kusa, kamar yadda bai kamata a cika don tana da suna ba. Abu na farko da uba zai tambaya shi ne ko kwas ɗin da yaron zai yi yana da amincewar hukuma, kwas ɗin kansa, ba makarantar ba. Mutane da yawa ba su san ana tantance kowane sashe daban ba. Jami'a na iya zama tsohuwa mai daraja, sashe ɗaya a cikinta yana da cikakkiyar amincewa, na kusa da shi yana da ta wucin gadi. Hukumar NUC ce ke duba na jami'o'i, NBTE mai hedikwata a Kaduna ke duba na kwalejojin fasaha, sannan a aikin injiniya akwai ta uku, COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ce ke yi wa injiniya rijista ta ba shi hatimi. Wanda ya gama kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba yana da takarda, amma ranar da ya je neman hatimin zai ga tasku. Amincewar kuma tana da wa'adi, ana sabunta ta, saboda haka labarin da wani ya ba ka na shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ne. A shiga ofishin shugaban sashe a yi sallama a tambaya: "Ranka ya daɗe, yaushe COREN ta zo na ƙarshe, kuma me ta ba ku?" Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ɓata rai kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Abu na biyu, a je a ga ɗakin aikin hannu da ido. Na taɓa ɗaukar wani saurayi ya duba mini aikin wani ɗan gini, yana da digiri mai kyau daga wata jami'a a wata jiha, ba zan kama suna ba. Birkila ya tambaye shi rodi mai kauri nawa za a sa a lintal, sai ya ciro waya ya juya baya. Da muka keɓe ya gaya mini gaskiya: shekara biyar bai taɓa ganin an murƙushe dunƙulen kankare a injin gwaji ba. Injin yana nan, an lulluɓe shi da leda, ana buɗe shi ne kawai idan baƙi masu tantancewa za su zo, wani lokacin ma aro ake yi daga wata makaranta a mayar bayan sun tafi. A allo aka zana musu yadda yake aiki, suka haddace, suka ci jarrabawa. Ban ga laifinsa ba, an sayar masa da hoton rijiya ne aka ce ya sha ruwa.

Shi ya sa nake cewa a je ranar aiki, ba ranar biki ba, kuma kada a tsaya a ofis. A nemi ma'aikacin da ke riƙe da makullin ɗakin injuna, shi ne ya san gaskiyar sashe fiye da kowane farfesa. A dubi ƙasa: in akwai ɓarɓashin ƙarfe da ɗigon baƙin mai, ana aiki. In ƙasa tana sheƙi, injuna suna jere kamar kayan ɗakin amarya, a yi hattara. A tambaya in wuta ta ɗauke me ake yi, akwai janareto, kuma wa ke sayen man. A tare ɗalibin aji huɗu a gindin bishiya, a saya masa ruwan sanyi, a tambaye shi sau nawa ya kunna injin da hannunsa a zangon da ya wuce, kuma su nawa ne a kan injin ɗaya. Wannan bincike ɗan Sakkwato zai iya yin sa a Dundaye da Farfaru cikin yini guda da kuɗin man babur. A makarantar da ke nisan kilomita ɗari huɗu kuwa sai dai ya dogara da ji, ga shi an ce gani ya kori ji.

Sai maganar Poli, wadda iyaye ke yi da murya ƙasa-ƙasa kamar ana zancen abin kunya. Ba zan yaudari kowa ba, bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma a aikin gwamnati gaskiya ne. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, ba a sa masa hannu ba. COREN ma a rukunin masu fasaha take rubuta mai babbar difloma, sai ya ƙara karatu kafin ya shiga rukunin injiniyoyi. Duk da haka, yaron da makinsa bai kai ba, ya fi masa alheri ya shiga Farfaru ya yi difloma ta shekara biyu a lantarki ko gine-gine, ya yi shekararsa ta koyon aiki, in ya fita da sakamako mai kyau ya nemi shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, da ya zauna gida shekara uku yana maimaita jarrabawar JAMB yana koyon zaman majalisa. Na ga waɗanda suka bi wannan hanya, kuma a aji su ne sauran ɗalibai ke kewayewa ranar aikin hannu, don sun riga sun ƙona yatsa da waya. Yaran da suka fito daga makarantun koyon sana'a na Farfaru da Runjin Sambo ma haka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ya nemi injiniya aka ba shi wani kwas daban, iyaye suka ce, "Karɓi, ai duk jami'a ce." Sai yaro ya shekara huɗu yana karanta abin da ba ya so, don kawai a ce yana jami'a. Wannan ba zaman gida ba ne, asara ce.

Akwai masu fita, kuma ya kamata su fita. Wanda zuciyarsa ke kan gyaran jirgin sama, kwalejin sufurin jiragen sama tana Zariya, ba a Sakkwato ba. Mai son man fetur ya dubi makarantun da ke Effurun ko jami'o'in da suka daɗe a fannin. Duk wanda fannin da yake so babu shi a jerin da JAMB ta nuna na makarantun gida, kada a tanƙwara shi. Wanda kuma ya ci maki mai yawa, gidansu na da hali, ya je Zariya ko Kano ko Minna, Allah ya ba da sa'a. Tsohuwar tsangaya tana da abin da sabuwa ba za ta saya da kuɗi ba: tsofaffin ɗalibai na shekara sittin da ke zaune a kowace ma'aikata da kowane kamfani, waɗanda in sun ga takardarka sai su tambaye ka ko wane malami yana nan. Tsangayarmu ba ta kai nan ba tukuna, sai yaranmu sun fita sun yi suna kafin ta kai. Kuma kada iyakar jiha ta zama katanga a kanmu: Aliero, mai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, da Birnin Kebbi, duk tsohuwar Sakkwato ce, mutum zai je ya dawo a yini.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce wadda surukina ya kawo, kuma na yarda da rabinta. Ya ce yaron da ke kwana a gida ba ya girma. Gaskiya ne, ɗalibin da ke gida shi ne ɗan aike: kai ƙannenka Islamiyya, je ka sayo gas, an yi rasuwa a Gidan Igwai, ana ɗaurin aure a Wurno. Lissafin aji biyu na injiniya kuwa ba ya haƙuri da biki. Maganin wannan ba sai an kai shi wata jiha ba. A kama masa gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ya zauna da Bayarabe da Ibo da Banufe da suka zo daga nesa, ya dafa taliyarsa, ya dawo gida ranar Juma'a in ya ga dama. In lokacin koyon aiki ya yi, in an samu hali, a tura shi Kaduna ko Legas ya ga yadda wasu ke yi. Hidimar ƙasa ma tana nan tafe, za ta kai shi inda bai taɓa mafarki ba.

Ranar Litinin na ɗauki yaron a babur, muka fasa zuwa wurin rijista muka zaga wurare biyu. Ba zan faɗi abin da muka gani a kowanne ba, kowa ya je ya gani da idonsa. A ɗaya daga ciki dai mun samu wani dattijo mai riƙe da makulli yana cin goro a bakin ƙofa. Na gaya masa abin da ya kawo mu, ya dubi yaron sama da ƙasa ya ce, "Kai ne injiniyan? To shigo, amma naɗe hannun rigarka." Ya ɗaura wani guntun ƙarfe a injin sassaƙa, ya kunna, ya kama hannun yaron ya ɗora a kan mariƙin juyawa. Ƙarfe ya fara zubo da siraran zare masu murɗewa, suna faɗowa a kan takalminsa. Na yi masa magana sau biyu bai ji ni ba.

A hanyar dawowa, muna kan gadar Kwalkwalawa, ya ɗaga murya saboda iska ya ce, "Kawu, Baba fa? Mi za ni ce mai?" Na ce ya bar mini Baba, ni zan je da kaina bayan sallar isha'i. Washegari ya cika fom ɗinsa. Zaren ƙarfen nan guda ɗaya ya tsinto ya sa a aljihu, uwarsa ta ce har yanzu yana kan tagar ɗakinsa, ta hana a share.